Leɓen Mai Ba Da Hannu

Shekara goma sha tara Bature ya yi yana ba da hannu a shataletalen da ke gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Zabiya ne, shi ya sa direbobi suka laƙaba masa sunan, sunan kuma ya bi shi har gida, har a takardar jerin aiki haka ake rubutawa. Idonsa ba ya gani da nisa. Mota in ta taho yana ganin girmanta da launinta, amma lambarta sai ta zo dab da shi, don haka karanta lamba ya zama aikin abokin tsayuwarsa, Dogo. Shi kuwa Bature usur ne nasa. Tun bakwai na safe zai ɗora shi a leɓensa na ƙasa, ba zai sauke ba sai ƙarfe biyu, kuma in ya busa, ko direban tirela sai ya taka birki.

Dogo ne ya fara lura da matar.

"Bature, ka yi kasuwa fa," in ji shi wata ranar Talata, suna tsaye a kan ɗan dandamalin siminti da ke tsakiyar titi. "Mai motar nan ruwan toka. Yau kwana uku ke nan, in ta zo sai ta rage gudu ta zuba maka ido."

"Ko dai kai take kallo, da wannan tsawo naka kamar falwaya."

"Wallahi kai ne. Kuma kada ka fara washe baki, ba kallon so ba ne. Irin kallon da mahauci yake yi wa sa ne a kasuwa."

Bature ya yi dariya, dariyar ta tsaga masa leɓe a inda ya saba tsagewa, ya lashe wurin ya ci gaba da aiki. Amma maganar ta tsaya masa. Ya yi ta tunanin ko daga babban ofis aka turo ta leƙen asiri, don an daɗe ana raɗe-raɗin za a sake gwada idon masu tsayuwa a titi, shi kuwa ya san matsayin nasa idon.

Ranar Alhamis motar ta zagaya shataletalen, ta faka a gefen kantin taya. Matar ta fito, ta ratso motoci ba ta ko waiwaya, har ta hau dandamalin. Ba yarinya ba ce, da tabarau a idonta da jaka a kafaɗa.

"Sannu da aiki, malam."

"Yawwa, sannu Hajiya. Wani ne ya goge ki?"

"Babu wanda ya goge ni. Don Allah cire usur ɗin nan in ga bakinka."

Dogo ya juya baya yana danne dariya. Bature ya cire. Ta matso har yana jin ƙamshin sabulun hannunta, ta kalli leɓen ta dama, ta kalle shi ta hagu.

"Tun yaushe yake haka?"

"Ai usur ne. Ƙarfe ne, in rana ta gasa shi sai ya ƙona ni. Ga kuma bushewar iska."

"Tun yaushe?"

Ya shiga lissafi. 'Yan biyunsa suna aji ɗaya lokacin da matarsa ta fara yi masa faɗan lasar baki, yanzu kuwa suna aji huɗu.

"Zai kai shekara uku."

"Yana ciwo?"

"Ko kaɗan."

Ya zaci wannan amsar za ta kwantar mata da hankali. Sai ya ga ta ɗan cije baki. Ta buɗe jaka ta zaro ɗan kati ta miƙa masa.

"Ni likitar haƙori ce, a asibitin da ke bayan gidan ruwa, hawa na biyu. Ka zo ka same ni. Kada ka bari makon nan ya wuce."

"Haƙorana lafiya lau, ranki ya daɗe."

"Na gani. Ba su na kira ba."

Ta sauka ta koma motarta. A 'yan mintocin nan titin kudu ya cushe, ana ta danna hon, wani direban bas ya leƙo yana cewa, "Bature, in zance za ka yi ka bari sai ka tashi mana!" Ya cusa katin a cikin hularsa, ya mayar da usur.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana ɗakin gaba, kusa da taga, da dogon madubi a jingine don masu gwada kaya. Da ya dawo ya tarar tana kafa hannun riga. Ya ba ta labarin yana dariya, ya ƙara gishiri a maganar Dogo ta mahauci. Ba ta yi dariyar ba. Ta tsayar da keken, ta kama hannunsa ta kai shi gaban madubin.

"Baban 'yan biyu, tsaya nan. Kada ka lasa."

Ta shiga ciki ta ciro hotonsu na farkon aure daga bango, ta kawo ta riƙe kusa da fuskarsa. Sai da ya kai hancinsa dab da hoton sannan ya gani. A hoton leɓen ƙasa ja ne, cikakke, da iyakarsa a fili kamar an ja da biro, nan leɓe, nan fata. A madubi babu iyakar. Jan ya koɗe ya narke cikin fatar haɓa, ba a gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A tsakiya akwai fari-fari kamar busasshiyar madara, ga ɓawo a gefen hagu, ga tsaga biyu a tsaye. Leɓen sama kuwa yana nan yadda yake a hoton.

"Kwalba nawa ta basilin na ƙarar a bakin nan?" ta ce. "Ya yi laushi da daddare, rana ta yi ya koma. Kuma ban gaya maka ba ne, rigar filonka ina ganin ɗigon jini a jiki."

"Sai ki ce wani jini. Ɗan ɗigo."

"Yaushe za ka je?"

"Zan je."

Bai je ba. Abin da bai gaya mata ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ne yana da kawu, ƙanin mahaifiyarsa, zabiya irinsa, mai gyaran rufin kwano. Bature yana yaro aka kai shi ya gaishe shi. Ya tarar da shi a ɗaki mai duhu da ƙyalle ɗaure daga hanci zuwa wuya, ana ba shi ruwa da cokali ta ƙasan ƙyallen, ɗakin kuma yana wani wari da turare ya kasa rufewa. Kawun ya miƙo hannu ya shafa kansa, ya yi magana, ba a gane abin da ya ce ba. Bayan wata biyu ya rasu. A gidan ba a taɓa kiran sunan ciwon ba, sai dai a ce "abin nan na Kawu". Shi Bature a ransa ya ɗauka cewa abin yana farawa ne ranar da likita ya kira sunansa.

Kowace safiya motar ruwan toka tana wucewa, Dogo yana ba shi rahoto.

"Ga mutuniyarka. Ta ɗaga maka yatsa ɗaya."

Mako na gaba: "Yau yatsa biyu ta ɗaga."

A mako na uku Bature ya je wurin Sajan mai raba musu aiki ya roƙi a mayar da shi tsayuwar rana, daga sha biyu zuwa shida, ya ce yana so ya riƙa kai yara makaranta. Aka mayar da shi, Dogo ya bi shi yana mita. Ya rabu da matar, ya faɗa cikin ranar da ta fi kowace zafi, wadda kwalta take laushi a ƙarƙashin takalmi. Hular aikinsu ɗan baki gare ta a gaba, tana rufe goshi da ido, inuwarta tana ƙarewa a kan hanci. Daga nan zuwa ƙasa rana ce ke iko.

Ranar da abin ya faru, wata tanka ce ta nemi kutsowa ba a ba ta hannu ba. Ya busa da ƙarfi, ta tsaya. Ya kai hannu zai sauke usur ɗin ya yi wa direban magana, sai ya ji ya manne. Ya ja. Usur ɗin ya fito da wani abu a jikinsa, fari, kamar ɓawon albasa. Ya ci gaba da yi wa direban faɗa, sai ya ga mutumin ya daina gardama, yana kallon ƙirjinsa. Dogo ya zo ya kama kafaɗarsa.

"Kai, dubi rigarka."

Jini ne yake sauka ta haɓarsa, ya ɓata aljihu, ya kai har bel. Bai ji komai ba. Ko ɗan zafin da mutum yake ji in ya ciji leɓe bai ji ba.

Matarsa ba ta yi faɗa ba da ta ga rigar. Ta jiƙa ta a bokiti, ta ɗauki hularsa ta zaro katin, wanda gumi ya riga ya cinye rabin rubutunsa. Washegari ba ta buɗe keke ba. Ta sallami mai karɓar ɗinki daga bakin ƙofa, ta ce masa, "Tashi mu je."

Likitar ba ta ce masa komai ba game da makonnin da ya ɓata. Ta kwantar da shi a kujerar da ke komawa baya, ta jawo fitila, ta sa safar hannu. Ta goge leɓen da auduga har ya bushe, ta miƙar da shi tsakanin yatsu biyu, ta bi shi da ɗan yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali. Ta kira matarsa, ta ba ta safa.

"Taɓa nan. Me kika ji?"

"Kamar takardar goge katako."

"Haka ne. Nan kuma ya yi siriri, har kina hango jijiyoyin jini. Nan ya yi kauri ya yi fari. Duk aikin rana ne. Leɓen ƙasa shi ke fuskantar sama, shi ke karɓar rana kai tsaye, na sama yana fake a inuwar hanci. Kuma fatar leɓe ba ta da kariya sosai ko ga baƙin mutum, balle shi da ba shi da launin da ke tare hasken."

"Ba usur ba ne ke nan," in ji Bature, bakinsa a riƙe.

"Usur ya dai riƙa fama wurin. Ba shi ya kawo shi ba."

Ta dawo gefen hagu, inda ɓawon ya ɗaye jiya. Ta matsa wurin tsakanin yatsa da babban yatsa, ta saki, ta matsa gefen dama, ta sake dawowa hagu. Sau uku ta yi haka. Daga nan ta zura yatsu ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ta bi wuyansa har ƙashin ƙirji.

"Likita, gaya mana gaskiya," matarsa ta ce. "Kansa ce?"

"Ido ba ya iya faɗa. Yawancin irin wannan ba su kai can ba, suna kan hanya ne kawai, wasu ma ba sa ƙarasawa. Amma ba na son gyambon da ya ƙi warkewa, ba na son wurin da ya yi tauri. Zan yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa in aika ɗakin gwaji. Su za su gaya mana."

Allurar kashe zafin ce kawai ya ji. Sauran sai ƙarar ƙarfe a faranti. Ya ga ta jefa wani abu a 'yar kwalba mai ruwa, ta rubuta a jiki, ta yi masa ɗinki biyu. Ta ce kwana goma.

Kwana goman nan ya yi su a titi babu usur. Ya ɗaga hannu, motoci su yi kamar ba su gani ba, sai Dogo ya busa daga bayansa sannan su tsaya. Dogo ya daina yi masa ba'a, wannan kuma ya fi ba'ar damunsa. In sun zauna hutawa a inuwar kantin taya sai Bature ya kama shi yana satar kallon bakinsa. A gida 'yan biyu suka tambaya ko faɗa ya yi da direba, ya ce e, kuma direban ya fi shi jin jiki. Suka yi ta tsalle. Matarsa ta ware masa kofi, ta sake mayar da shi cikin sauran kofuna da ta ga ya lura.

Ranar sakamako likitar ta juyo musu da allon kwamfutarta. Hoto ne mai ruwan hoda da shuɗi, kamar atamfar da ta zuba. Ta ƙara girmansa saboda idonsa, ta ce ya matso.

"Wannan naman leɓenka ne a ƙarƙashin madubin likita. Wannan jan na sama mai kauri, shi ne farin da kuke gani, mataccen ɓawo ne ya taru. Wannan shuɗi-shuɗin na can ƙasa da ya dunƙule kamar tsumma, zaruruwan da ke sa fata ta miƙe ta dawo ne, rana ta dafa su. Wannan ba ya gyaruwa, amma ba shi ne abin tsoro ba. Dubi tsakiya."

Ya duba. Ɗige-ɗige ne birjik.

"A lafiyayyen leɓe waɗannan ƙwayoyin a jere suke, sahu-sahu, ƙanana a ƙasa, suna hawa suna faɗi. Naka sun rikice. Ga manya ga ƙanana, cikinsu ya yi baƙi, wasu suna rabuwa a inda bai kamata ba. Rikicin ya ci kashi biyu cikin uku na kaurin fatar."

"Cunkoso ke nan," Bature ya ce. "Babu mai ba da hannu."

Ta yi ɗan murmushi, na farko da ya gani a fuskarta. Ta ɗora bakin biro a kan wani siririn layi da ya ratsa hoton.

"To ga layin da ba a so su tsallake. Muddin suna samansa, ba kansa ba ce tukuna. In suka fasa shi suka gangara, sun samu hanyar jini da ta wuya. A wannan yankin da na yanka, ba su fasa ba."

Matarsa ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi. Bature ya maimaita bayanta. Likitar ta bari suka gama, sannan ta ce:

"Ku ji ni da kyau. Na ce a wannan yankin. Ƙwayar shinkafa na yanka, leɓe kuwa ya kai tsawon ɗan yatsa, kuma duk rana ɗaya ya sha. Ban san abin da ke gefen inda na yanka ba. Da abin bai kai haka ba, da mai zan ba ka ka shafa ya ƙone saman. Naka ya wuce nan. Shawarata a feƙe jan leɓen gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa, a jawo fatar cikin baki a rufe. Sai a kai duka ɗakin gwaji a bi shi yanki-yanki."

"In aka yi haka zan iya busa usur?"

"Ko za ka iya, ba za ka koma titin nan ba. In ka koma, ni da kai mun yi aikin banza."

Ta rubuta masa takarda biyu, ɗaya zuwa ga likitan tiyata a hawa na huɗu, ɗaya zuwa wurin aikinsa.

Sajan ya karanta tasa takardar sau biyu, ya ajiye, ya kalli Bature daga hanci zuwa sama.

"Ni da na ɗauka zafi ne ya yi maka yawa. Shekara nawa muna tare ba ka ce komai ba?"

"Ni ma ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To wa zai riƙe min shataletalen tasha? Yaran nan sababbi direbobi ba sa jin tsoronsu." Ya yi tsaki, ba da shi ba. "Akwai kujera a ɗakin ajiyar makullan motocin da aka kama. Babu taga ma, balle rana. Ka iya karanta lambar da ke jikin makulli?"

"In na kawo ta kusa."

"To ka kawo ta kusa."

Ranar tiyata suka zauna a dogon benci na hawa na huɗu tun da safe. Kusa da su wani dattijo ne, baƙi, busasshe, da takunkumi a fuska, ya ce shi masunci ne, shekara arba'in a kan ruwa. Maganarsa tana fita ta gefe ɗaya, yana yi yana tare wani abu da hankici a ƙarƙashin takunkumin. Ya leƙa fuskar Bature ya daɗe.

"Nawa ma haka ya fara. Daidai nan." Ya nuna gefen hagu. "Na ce gishirin ruwa ne. Shekara nawa naka?"

"Uku."

"Nawa biyar na bari." Ya gyaɗa kai. "Sun ce maka bai shiga ba?"

"Haka suka ce."

Dattijon ya jingina da benci. Ya ɗan ja wuyan rigarsa yana neman iska, sai ga tabon ɗinki ya taso daga bayan kunne ya gangara har cikin riga. Matar Bature ta miƙe ta ce ƙafarta ta yi sanyi, su ɗan taka. Suka tsaya a ƙarshen baranda har aka kira shi.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya fito da baki a kumbure, da jerin baƙin zare daga kusurwa zuwa kusurwa. Mako biyu yana shan abu mai ruwa da tsinken roba na zuƙa. Da aka cire zaren, leɓen ya fito siriri, ja sosai, ya ɗan shige ciki, gashin haɓarsa yana sukar na sama in ya rufe baki. Ba ya jin taɓi a wurin. In yana shan shayi sai ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ce, "Baba, yana zuba," sannan ya sani. Harafin "b" da "m" suka riƙa kuɓuce masa, ya koma magana a hankali kamar mai tauna kowace kalma.

Sakamako na biyu likitan tiyata ne ya ba su, mutum mai yawan sauri, amma ranar ya ja kujera ya zauna.

"An yanka abin da muka cire gida goma sha huɗu. Goma sha uku irin na farko ne. Ɗaya, na can gefen hagu, kusa da inda aka fara yanka, ya fasa ya shiga."

Matarsa ta dafe ƙirji.

"Kaɗan ne, bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma mun cire shi da lafiyayyen nama kewaye da shi. Ba na ganin akwai saura. Amma tunda ya taɓa shiga, ba zan sallame ka ba. Duk wata uku ka zo in taɓa wuyanka. Shekara biyar. In ka ji ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ko kamar wake, kada ka jira ranar da na ba ka."

"Da na zo tun ranar da ta ba ni kati fa?" Bature ya tambaya.

"Ban sani ba. Wataƙila yana nan tun kafin nan, wataƙila a makonnin ne. Babu wanda zai iya gaya maka."

A hanyar fita suka bi ta hawa na biyu don su gaya wa likitar haƙori, aka ce tana da mutum a kujera. Suka bar saƙo.

Haka Bature ya koma ɗakin makullai. Allo ne babba da ƙusoshi, kowace ƙusa da makulli da 'yar takarda, fitila ɗaya a sama tana ƙyafta ido. Direbobin da a da suke taka birki saboda shi yanzu suna zuwa da takardar sakin mota, wasu su gane shi su ce, "A'a, Bature, nan aka ɓoye ka?" sai idonsu ya sauka kan bakinsa su yi saurin ɗaukewa. Dogo yakan leƙo in ya tashi, ya ba shi labarin titi, ya ce wanda aka haɗa shi da shi yanzu busarsa kamar ta ɗan tsako. Zuwa na farko wurin likita wuya lafiya. Zuwa na biyu ma lafiya. Ya koyi taɓa wuyansa da kansa, har ya zama ba ya sanin yana yi, a mota, a layin burodi, a tsakiyar magana.

An ba shi man kare fata daga rana, an ce kowace safiya, fuska da wuya da hannu, ko da daga gida zuwa bakin titi ne. Inda hannunsa ba ya kaiwa da kyau matarsa ke shafa masa. Wata safiyar Litinin, wata takwas bayan aikin, yana zaune a kan kujerar kekenta ya sunkuyar da kai, yara suna neman takalmi a tsakar gida, tana shafa masa a ƙeya tana ba shi labarin wata mai ɗinki da ta kawo yadi huɗu tana son riga uku. Ta kai bayan kunnensa na dama, labarin ya tsaya.

"Sai aka yi yaya?" ya ce.

"Juyo wajen taga."

Ya juya. Ta lanƙwasa kunnen da yatsa, ta goge man da gefen zaninta, ta sake shafa wurin da busasshen yatsa. Shi ma yana jin ƙarar a cikin kunnensa, ƙaras-ƙaras.

"Mene ne?"

"Yana maka ƙaiƙayi a nan?"

"A'a."

"Ciwo fa?"

"Babu."

Ta jawo tef ɗin awo daga wuyanta ta ɗora a wurin, ta kai ido kusa, ta rubuta wani abu a bayan littafin awon kwastomominta.

"Yaushe ne ranarka ta gaba?"

"Saura mako biyar."

Ta rufe littafin, ta lulluɓe keken da mayafinsa, ta leƙa tsakar gida ta ce wa yaran su yi sauri, yau maƙwabciya ce za ta raka su. Sannan ta ɗauko masa hularsa mai faɗin baki daga ƙusa, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiransa.